Yadda Za Ka Nemi Agajin Gaggawa da Turanci Ko da Turancinka Bai Nuna Ba

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu koyon Turanci, musamman matan da suka bi mazajensu Ingila ko Amurka, da ɗaliban da suka tafi karatu, da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano, Legas da Accra: idan wani ya yanke jiki ya faɗi a gabana, ko wuta ta tashi, me zan ce a waya? Da yawansu suna iya ciniki da Turanci, suna gaisawa da maƙwabta, amma sun san in hankali ya tashi, harshen da aka sha a nono ne kawai ke zuwa baki.

Turancin gaggawa ɗan kaɗan ne. Jami'in da ke ɗaukar waya ba ruwansa da nahawunka. Abu uku yake jira daga bakinka: ina kake, me ya faru, wane hali mutumin yake ciki. Wanda ya iya faɗin ukun nan a gajarce, bai rage ba bai ƙara ba, ya fi mai digiri da ya tsaya kame-kame. Na yi amfani da "ka" don sauƙi, amma da mata nake kamar yadda nake da maza.

1. Haɗa kayanka tun ana zaune lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara da lambar ƙasar da kake. A Birtaniya 999 ce, 112 ma tana shiga. Amurka da Kanada 911. Ƙasashen Tarayyar Turai 112. Ostireliya 000. Ghana 112. A Najeriya lambar ƙasa 112 ce, Legas tana da 767 a kan wannan, Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122. A Dubai 999 ta 'yan sanda ce, 998 motar asibiti, 997 'yan kwana-kwana. Kiran kyauta ne, yana shiga ko babu kuɗi a waya, ko da allon a kulle yake.

Gargaɗi ga mazauna Najeriya: ba ko'ina ne agaji ke zuwa da wuri ba bayan kiran 112. Ka ajiye lambar asibiti mafi kusa da ta maƙwabci mai mota a gefe.

Sai kati. Sami ɗan kwali daidai katin banki, ka rubuta da manyan haruffa:

"My name is ..." sunanka kamar yadda yake a fasfo.
"I speak Hausa. My English is limited." Hausa nake ji, Turancina kaɗan ne.
"My address is ..." cikakken adireshi.
"I have ..." ciwon da kake fama da shi.
"I take ..." magungunan da kake sha.
"I am allergic to ..." maganin ko abincin da jikinka ba ya karɓa.
"Please call ..." suna da lambar ɗan'uwa mai jin Turanci.

Yi biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a manne a jikin firij ko bayan ƙofa. Ka shigar da bayanan nan a wayarka ma: iPhone tana da Medical ID, wayoyin Android suna da sashen bayanan gaggawa a saiti, kuma ma'aikacin lafiya zai iya dubawa ba sai ya buɗe wayar ba. Sauke Hausa da Turanci a Google Translate don su yi aiki babu intanet. Yana taimako a teburin asibiti, amma kada ka dogara da shi a kiran gaggawa, babu lokacin danne-danne.

Wajen rubuta ranar haihuwa ka rubuta sunan watan da haruffa. A Ingila 03/04 uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris.

2. Haddace adireshinka har ka iya faɗinsa cikin barci

Nan ne aka fi ɓata lokaci, don haka zan daɗe a kai. Mun saba da kwatance: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai jan get. A Legas ko Accra kwatance yana aiki, sunan tashar bas da fitaccen gini suna kai mutum. A Landan ko Toronto lamba suke so: lambar ɗaki, lambar gida, sunan titi, gari, sai lambar yanki, wadda ake kira "postcode" a Ingila, "zip code" a Amurka.

Lambobi suna da tarko. A waya, ga kunnen da bai saba da harshenmu ba, "thirteen" da "thirty" ɗaya suke, haka "fifteen" da "fifty". Maganin abin shi ne ka faɗi lamba ɗaya-ɗaya. Gida mai lamba 30, ka ce "three, zero". Mai lamba 15, "one, five". Idan jami'in ya maimaita maka, ka saurara da kyau, in ya yi kuskure ka ce "No" ka sake faɗi.

Haruffa ma haka. Bahaushe yakan haɗa P da F, ya haɗa B da V, ba laifinsa ba ne, haka bakinmu ya tashi. M da N kuwa kowa ma sukan rikice masa a waya. Ka jingina kowane harafi da kalma: "P for Peter, F for Friday, B for boy, V for victory, M for mother, N for Nigeria." Ka zauna yau ka nemo wa kowane harafin sunan titinku da lambar yankinku kalmarsa, ka rubuta a bayan katin.

In a bene kake, ka faɗi hawa. A Ingila, kamar Najeriya, ƙasa "ground floor" ne, hawa na farko "first floor". A Amurka ƙasan ne "first floor". In akwai lambar buɗe ƙofar shiga, ka bayar: "The door code is ..."

Idan a waje abin ya same ka:

"I don't know the address." Ban san adireshin ba.
"I am near ..." ina kusa da. "Opposite ..." daura da. "Behind ..." bayan.
"I am at the corner of ... and ..." ina mahaɗar titi kaza da kaza.

Karanta musu duk allon da idonka ya gani: sunan shago, sunan tashar bas, lambar gidan da ke gabanka. A babbar hanya ka faɗi lambar hanyar da garin da ka nufa, misali "going towards Manchester", da lambar mafitar da ka wuce. In ya faskara, miƙa wa mai wucewa wayar ka ce "Please tell them where we are", ya gaya musu inda kuke.

3. Daƙiƙun farko na kira

Ajiye gaisuwa. Na san yana da nauyi a bakin wanda aka yi wa tarbiyya ya fara magana babu sallama, amma a nan ba rashin ladabi ba ne, kuma su ma ba sa jira.

A Birtaniya wanda ya fara ɗauka zai ce "Emergency, which service?", wato wane sashe kake nema. Kalma ɗaya ce amsar: "Ambulance" don motar asibiti, "Police" don 'yan sanda, "Fire" don 'yan kwana-kwana. Zai haɗa ka da su. Kada ka fara ba shi labari, ba shi ne mai turo agaji ba. A Amurka mutum ɗaya ne yakan karɓi komai, zai ce "What is your emergency?" ko ya fara da "What is the address of the emergency?"

Ka ba da adireshi, ka faɗi abin da ya faru a jimla ɗaya, sannan ka nemi tafinta: "I speak Hausa. I need an interpreter." Cibiyoyin kiran gaggawa a Birtaniya da Amurka suna da tafintocin waya, kuma ba a cajin mai kira. Dalilin da ya sa na ce adireshi ya riga shi ne, samo mai jin Hausa na iya ɗaukar mintuna, amma da adireshi a hannunsu mota za ta iya tasowa. Ka jero musu haruffan, H, A, U, S, A, domin wasu ba su taɓa jin sunan harshen ba. 'Yan'uwa na Nijar, Kamaru da Chadi, in kuna jin Faransanci ko Larabci ku ce "French" ko "Arabic", an fi samun tafintocinsu da sauri.

Jimloli uku da za su cece ka a tsakiyar kira: "Please speak slowly", yi magana a hankali. "Please say that again", sake faɗi. "I don't understand", ban gane ba.

Gargaɗi: kada ka ce "yes, yes" ko "okay" kan abin da ba ka gane ba. Muna yin haka don kada mu ba mutum wahala, amma jami'in rubutawa yake yi, kuma da amsoshinka ake yanke ko a turo mota yanzu ko bayan awa biyu.

In akwai jama'a a wurin, ihun "Help!" yana tara mutane amma kowa sai ya tsaya kallon kowa. Nuna mutum ɗaya da yatsa: "You, call an ambulance now!" In kuma kana cikin haɗarin da ba za ka iya magana ba, misali ɓarawo na cikin gida, a Birtaniya ka kira 999 da wayar hannu, ka saurara, in an umarce ka ka danna 55, za a haɗa ka da 'yan sanda. Idan yaro ne ya danna lambar bisa kuskure, kada ka katse, ka ce "Sorry, it was a mistake. There is no emergency." In ka katse za su iya kiranka ko su turo jami'i.

4. Faɗi halin da mutumin yake ciki

Tambayoyin kusan kullum iri ɗaya ne, a jere ɗaya:

"Is the patient breathing?" Yana numfashi?
"Is he awake?" ko "Is she conscious?" Yana cikin hayyacinsa?
"Tell me exactly what happened." Gaya mini ainihin abin da ya faru.
"How old is he?" Shekarunsa nawa? In ba ka sani ba, ka ƙiyasta: "About fifty, five zero."
"Is she bleeding?" Tana zubar da jini?

Ka amsa da cikakkiyar jimla, kada ka tsaya a "yes" ko "no". Ga dalili. In aka ce wa Bahaushe "ba ya numfashi?", zai ce "e", yana nufin e, ba ya yi. Bature in ya ce "He isn't breathing?" ka ce "yes", zai iya ɗauka cewa yana numfashi. Ka ce "He is not breathing" ko "He is breathing", shi ke nan babu ruɗani. Haka nan ka bar "can't", domin a waya tana kama da "can". Ka ce "cannot": "She cannot breathe", "He cannot move his arm".

Numfashi yana da wani tarkon. Mutumin da zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani irin gurnani ko shaƙuwa jefi-jefi, kamar minshari. Wannan ba numfashi ba ne. Ka ce "He is not breathing normally. He is gasping."

Ga manyan larurori:

"He has chest pain and he is sweating." Ciwon ƙirji da gumi.
"Her face has dropped on one side. Her speech is slurred." Fuska ta karkace, magana ba ta fita daidai. Alamar shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma za su tambayi lokacin da ya fara, domin maganin yana da ƙayyadadden lokaci. Duba agogo ka ce "It started twenty minutes ago."
"My child is having a seizure." Yaro yana jijjiga.
"He is choking." Abu ya maƙale masa a maƙogwaro.
"Her lips and tongue are swelling." Leɓe da harshe suna kumbura.
"My wife is in labour. Her waters have broken." Tana naƙuda, faya ta fashe. In tana zubar da jini: "She is pregnant and bleeding."
"My child swallowed bleach." Ya haɗiyi sinadarin wanki. Riƙe kwalbar a hannu ka karanta musu sunan. Kada ka sa shi amai, kada ka ɗura masa manja ko madara.

Wanda ya koyi Turancinsa a Najeriya ya kula da wasu kalmomin da a gida kowa ya gane su, a waje kuwa ba sa isar da saƙo. "He slumped" ka mai da ita "He collapsed". "My body is hot" ta zama "I have a fever". "She is purging" ko "stooling" ta zama "She has diarrhoea". "She wants to put to bed" ba za a gane ta ba sam. "He has sugar" ka ce "He has diabetes", "BP" kuma "high blood pressure". "He is not feeling fine" kuwa ta fi kowacce haɗari, domin a kunnensu tana nufin ɗan rashin jin daɗi, alhali kai kana nufin mutum yana gargara.

5. Bi umarni, kada ka katse

Sa wayar a sifika ka ajiye ta kusa da kai don hannuwanka su samu aiki. Yawan tambayoyinsu ba ya jinkirta mota, sau da yawa an riga an tura ta kana kan magana. A wannan mataki kunne ne ke aiki, don haka waɗannan jimlolin ganewa ake so ka yi, ba sai ka iya faɗinsu ba:

"Stay on the line." Kada ka kashe waya.
"Lay him flat on his back." Kwantar da shi rigingine a ƙasa.
"Put the heel of your hand in the centre of the chest." Ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji.
"Push hard and fast." Danna da ƙarfi da sauri. Ga babba, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti.
"Count out loud." Ƙirga da ƙarfi. Za su ƙirga tare da kai.
"Is there a defibrillator nearby?" Akwai na'urar farfaɗo da zuciya kusa? Ana kuma kiranta AED, tana rataye a tashoshi da manyan shaguna, kuma da kanta take faɗin abin da za a yi.
"Press firmly on the wound with a clean cloth." Danne raunin da tsumma mai tsabta.
"Turn her on her side." Juya ta ta kwanta a gefe.
"Do not move him." Kada ka motsa shi.
"Nothing to eat or drink." Kada a ba shi ci ko sha.
"Unlock the door." Buɗe ƙofa.

Gargaɗi: wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, zai iya wucewa huhu. Mai jijjiga ba a cusa masa cokali a baki, ba a danne shi. Kawar da abin da zai buge, ka duba agogo, domin za a tambaye ka "How long did it last?" Ƙuna kuma ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata minti 20, ban da ƙwai, man goge baki ko manja. Yi addu'arka hannunka na aiki. In hali ya canza ka faɗa nan take: "He is getting worse", ko "She has stopped breathing".

6. Gobara, gas da haɗarin mota

Fita tukuna, kira daga waje. Ihun shi ne "Fire! Get out!" Bi matakala, kada ka shiga lif. A waya: "There is a fire at ..." sai adireshi. Tambayar da ta fi damunsu ita ce "Is anyone inside?" Amsa: "Everyone is out", ko "My son is still inside, upstairs, back bedroom." Kalmar "trapped" tana nufin mutum ya maƙale ba hanyar fita, ka riƙe ta. In man suya ne ya kama, kashe murhu ka rufe tukunyar, kada ka watsa ruwa.

Warin gas: "I can smell gas." Buɗe tagogi, kada ka taɓa makunnin lantarki, fita. A Birtaniya lambar gas ta gaggawa 0800 111 999 ce. Sannan mutanenmu da sanyin Turai ya gigita, don Allah kada a kunna gawayi a ɗaki rufe. In mutanen gida duka suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci ɗaya, ku fita ku kira, ku ce "carbon monoxide", iskar guba ce marar wari, irin ta hayaƙin janareta.

Haɗarin mota: "There has been a car crash. Two cars. Three people are hurt. One is trapped."

7. A asibiti

Sashen gaggawa "A and E" ne a Ingila, "ER" a Amurka. Ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba. Nas za ta yi maka 'yan tambayoyi ta auna tsananin ciwon, da wannan ake jera mutane.

Nan ne "da sauƙi" ke cutar da mu. Bahaushe ko yana kan gargara aka ce ya jiki, zai ce da sauƙi, kuma hali ne mai kyau a gaban masu dubiya. A gaban nas kuwa in ka ce "I am fine" ko "It is better", ta rubuta, ka koma ƙarshen layi. Za ta ce "On a scale of zero to ten, how bad is the pain?", wato daga sifili zuwa goma, ina ciwon ya kai. In takwas ne ka ce takwas. Nuna wurin da yatsa: "It hurts here." Irin ciwon: "sharp" mai suka, "burning" mai zafi kamar wuta, "tight" mai matsewa, "It comes and goes" yana zuwa yana tafiya. In kana jira ciwon ya ƙaru, tashi ka koma tebur: "I am getting worse."

Abu biyu da suka shafe mu musamman. Na farko zazzaɓin cizon sauro. Likitan Ingila ko Kanada ba kullum yake ganinsa ba, zai iya ɗauka mura ce. In ka dawo daga gida cikin shekarar nan ka yi zazzaɓi, faɗa da bakinka: "I came back from Nigeria two weeks ago. Please test me for malaria." Na biyu sikila: "I have sickle cell disease. I am having a crisis." Ka faɗi maganin da aka saba ba ka.

Kalmar "drugs" a Najeriya magani ce, a can kuwa an fi fahimtarta da ƙwaya. In aka ce "Do you take drugs?" ana nufin kayan maye. Maganin asibiti "medicine" ne ko "medication". Tafi da kwalayen magungunanka a leda, har da na gargajiya, ka ce "I also take herbal medicine", domin wani yana karo da na asibiti. Paracetamol a Amurka "acetaminophen" ne, Tylenol kuma sunan da wani kamfani ya sa wa maganin ne, kada ka haɗa biyun a zaton daban suke. Zafin jiki 38 a ma'auninmu shi ne 100.4 a na Amurka, kuma jaririn da bai kai wata 3 ba in ya kai haka, asibiti ake nufa kai tsaye.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon mara, jinin al'ada, ciki, fitsari, basir, duk a faɗe su. Mace tana da damar cewa "I would prefer a female doctor" da "a female interpreter", za a yi ƙoƙari in akwai, amma in rai na cikin haɗari kada a tsaya jira. Kada a mai da ƙaramin yaro tafintan uwarsa a irin wannan magana, ba zai iya ba kuma ita ba za ta faɗi gaskiya a gabansa ba. In azumi kake ka faɗa: "I am fasting. I last ate at five this morning." Takardar amincewa da tiyata kuma, "I need an interpreter before I sign."

Abin da bai kai gaggawa ba yana da hanyarsa. A Ingila 111 ce lambar shawarar lafiya dare da rana, su ma suna da tafinta.

8. Da 'yan sanda

In kai aka yi wa laifi: "I have been robbed", an yi mini fashi. "My bag was stolen", an sace jakata. "Someone is breaking into my house", wani yana fasa gidana. "He has a knife", yana da wuƙa. "He is still here" ko "He has gone", domin wannan ne ke nuna musu saurin da za su yi. Matar da ake duka a gida ta ce "My husband is hitting me. I am not safe." A Birtaniya, abin da ya riga ya wuce ana kai rahotonsa ta 101. Karɓi lambar rahoto, "crime reference number", inshora za ta nema. In fasfo ne ya ɓata, da rahoton za ka je ofishin jakadancin ƙasarku, ɗan Najeriya ya nemi "Emergency Travel Certificate", takardar komawa gida.

In kai aka tare: a Amurka zauna cikin mota, hannuwa a kan sitiyari, kada ka fito sai an ce. Kafin ka sa hannu a aljihu ka ce "My licence is in my pocket. May I get it?" In aka kama ka: "I need a Hausa interpreter. I want a lawyer. Please inform my embassy." A caji ofis na Ingila lauya kyauta ne, ka ce "duty solicitor". Sanar da ofishin jakadanci haƙƙinka ne a ƙarƙashin yarjejeniyar Vienna ta 1963.

Gargaɗi: kada ka sa hannu a takardar da ba ka gane ba, kada ka miƙa wa jami'i kuɗi ko da wasa, laifi ne na daban da zai fi na farkon nauyi. Ka kuma kula da "sorry". Mu jaje muke nufi, amma a wurin haɗarin mota ana iya ɗaukarta amsa laifi. Tambayi lafiyar mutum da "Are you hurt?"

9. Batun kuɗi

Tsoron kuɗi yana hana mutane kira, don haka ga yadda abin yake. A Ingila motar asibiti da kulawar sashen gaggawa kyauta ne ga kowa. Caji yana farawa ne ga baƙo mai bizar ziyara idan aka kwantar da shi. Ɗalibai da ma'aikatan da suka biya kuɗin lafiya tare da biza ba su cikin wannan. A Amurka dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba ka ya daidaita halinka ko ba ka da ko sisi, amma takardar kuɗi za ta biyo baya, kuma motar asibiti kaɗai tana iya cin ɗaruruwan daloli, har sama da dubu. In ta zo ka ce "I need an itemized bill", a rarrabe maka abin da aka caja, sannan "Do you have financial assistance?" da "Can I have a payment plan?" Asibitoci da yawa suna rage wa mai ƙaramin ƙarfi, amma sai ya tambaya. Mai tafiya ziyara ya sayi inshorar tafiya. Bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ma ba a bayarwa sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000.

A Najeriya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai larurar gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Duk da haka akan nemi kuɗin ajiya. In a Legas ko Fatakwal ne, inda Hausa ba za ta yi maka aiki ba, ka ce cikin natsuwa: "This is an emergency. Please start treatment. My family is bringing the money."

10. Atisaye

Karatu da ido ba ya zama a baki. Ka samu wani a gida ya zama jami'i, kai ka zama mai kira, ku koma ɗakuna daban ku yi ta waya ta gaske, domin murya a waya daban take da ta ido da ido. Ya yi maka tambayoyin mataki na 4 da sauri, ya juya jerinsu, ya yi kamar bai ji adireshin ba har sai ka jero haruffan. Ka ɗauki muryarka ka saurara, za ka ji da kunnenka inda P ta koma F. Don ka saba da yi cikin haki, hau matakala da gudu ko ka yi tsalle kaɗan kafin ka fara. Minti biyar a rana na mako guda ya isa farko, daga nan sau ɗaya a wata.

Kada ka kira lambar gaggawa ta gaske don gwaji, kana toshe wa mai buƙata layi, kuma a wurare da yawa laifi ne.

Fara da wanda ya fi daɗewa a gida shi kaɗai: uwargida, tsohuwar da aka kawo renon jika, da yaran da suka kai shekara biyar zuwa shida. Tsohuwar da ba ta jin Turanci ko kaɗan a koya mata abu uku kawai, "Ambulance", adireshin gida, da "Hausa interpreter", a manna mata katin kusa da inda take ajiye waya. Duk ranar da kuka sauya gida ko likita ya sauya magani, a yaga tsohon katin a rubuta sabo a ranar.